Abin da aikin meri ya koya min a kan kuɗin jama'a

Duk wanda ya taɓa zama a sashen kuɗi na ƙaramar meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, zai gaya maka doka kam ba mu rasa ta ba, akwai ta har ta yi yawa. Abin da ke cinye kuɗin komin, ƙaramar hukumar kenan, a ƙaramin gari kunya ce da sanayya. Mutumin da ya kawo maka faktir, takardar neman biya, da safe shi za ka tarar a sahu ɗaya da kai da azahar, wataƙila ma ƙanwarsa ce a gidan yayanka, to ta ina za ka fara ce masa takardarsa ba ta cika ba? Na yi shekaru ina aiki a wata komin ta karkara a nan jihar Arewa ta Kamaru, ba nisa can da Garwa, bayan na gama karatu a jami'ar Ngaundere, kuma yawancin abin da zan faɗa a bakin aiki na gan shi ba a aji ba.

Tsarin da muke bi a Kamaru ya raba aikin gida biyu. Mer, shugaban komin, shi ke ba da umarnin a kashe kuɗi amma ba ya taɓa kes, wato asusu, da hannunsa. Resebar, wato ma'aji, shi ke karɓa shi ke biya, amma ba shi da ikon cewa a sayo ko fakitin takarda. Kafin ko dala ta fita sai an ɗaure kuɗin a layin da aka tanada a bije, wato kasafin kuɗi, a tabbatar an yi aikin ko an kawo kayan a lissafa nawa ne, mer ya sa hannu a manda, takardar umarnin biya, sannan resebar ya duba ya biya, a tsakani kuma ga kontrola na kuɗi da zai buga nasa hatimin amincewa. Mutanen gari suna ganin duk wannan jan rai ne da wahalar da bayin Allah, ni kuwa na ga amfaninsa, don shi ke ba ƙaramin ma'aikaci inda zai fake.

Resebar ɗin da na yi aiki kusa da shi dattijo ne, Baba muke ce masa. Ya yi rantsuwa kafin ya kama aiki, kuma ya san in ya biya manda da ba ta cika ƙa'ida ba, sashen duba asusu na Kotun Ƙoli a Yawunde zai iya cewa ya mayar da kuɗin daga aljihunsa. Wata rana wani alhaji ɗan kwangila, mutum mai girma a gari wanda ake zuwa gaishe shi da sallah, ya shigo da dosiyen bencin lekol, wato takardun bencin makaranta, babu takardar da ke nuna an karɓi kayan. Baba ya tashi ya ba shi kujera, suka gaisa har da tambayar iyali da gona, sannan yace "Alhaji, ranka ya daɗe, wallahi ba ni na riƙe ka ba, takarda ɗaya ce babu, in na biya a haka ni za a kama, ka taimake ni ka kawo ta." Alhaji ya juyo wajena yace "ɗana, kai ma ba za ka sa baki ba?" Nace "Baba Alhaji, in ta zo yau ni da kaina zan shigar da ita kafin a tashi." Ba a ɗaga murya ba, ba a ci mutuncin kowa ba, kuɗin kuma ba su fita ba sai da aka je lekol ɗin aka ƙirga bencin. A wajen Baba na koyi cewa a garin da kowa ya san kowa ba ka cewa na ƙi, cewa kake ba ni da iko, kuma gaskiya ka faɗa, doka ce ta cire maka ikon don ta raba ka da kunya.

Amma tun kafin a kai ga biya, a wajen rubuta bije ake fara ɓata shi, ta ɓangaren kuɗin shiga. Doka tace dole shiga da fita su zo daidai, to da yake kowane konseye, ɗan majalisar komin, yana son a sa masa foraj, rijiyar burtsatse, ko aji biyu a ƙauyensa kuma mer ba ya son ya ɓata da kowa, hanya mafi sauƙi ita ce a kumbura abin da ake sa ran zai shigo. A rubuta kasuwa za ta kawo kaza alhali kowa a ɗakin ya san bara ko kusa ba ta kawo ba. A takarda komai ya yi kyau, konsey, majalisar komin, ya jefa ƙuri'a, perefe wakilin gwamnati ya amince, sai watan bakwai ya zo kes ba komai, ma'aikata suna bin albashi, faktir ɗin wuta ya taru, ɗan kwangilar da ya ci bashin siminti yana ta zarya. Bashin nan kuma ba ɓacewa yake ba, shi ke cinye bijen baɗi tun kafin a fara shi. Abin da ya fi ci min rai, mai shara da direba da mai gadi su ke fara ɗanɗanawa, wani ma sai ya kai ritaya sannan zai gano an yi shekaru meri ba ta zuba masa komai a CNPS, asusun fansho, ba.

Ƙaramar komin hanyoyin kuɗinta sanannu ne. Babba shi ne santim adisiyonel, kashi 10 cikin 100 da ake ɗorawa a kan wasu harajin gwamnati kamar TVA, harajin sayen kaya, ana raba wa komin-komin duk wata uku ta hanyar FEICOM, asusun tallafa wa komin da aka kafa tun 1974. Sai kuɗin BIP, bijen ayyukan raya ƙasa, da gwamnati ke turowa, shi kuma da sunan aikinsa yake zuwa, ba ka isa ka juya shi ka biya albashi ba. Dokar 24 ga Disamba 2019 tace kason komin da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, amma ƙasar na da komin 360 kuma ranar da kuɗi za su sauka a asusunka ba kai ke sa ta ba. Abin da ke hannunka da gaske na gida ne, tiken kasuwa, kasuwar shanu, mayanka, tasha, hayar shaguna. Su ma yanayi suke bi. Da damina kogi ya cika hanya ta yanke kasuwa ta rame, sai bayan kaka in an biya kuɗin auduga hannun mutane ke buɗewa. Shi yasa na koyi raba bije wata-wata a takarda guda, me zai shigo a watan takwas, me dole ya fita a watan takwas. Akwai kuma ma'aunin da doka ta sa, aƙalla kashi 40 ya tafi ayyukan gini da kayan aiki, gudanarwa kada ta wuce 60, albashi kada ya wuce kashi 35 na kuɗin gudanarwar, kuma mer ɗin da ya hau da alkawarin ɗaukar duk yaran da suka yi masa kamfe aiki a nan lissafi ke ƙwace masa.

Tiken kasuwa kuwa sai wanda ya zauna ya ƙirga. Ranar kasuwa da yamma masu karɓa za su dawo da ƙura har gira, kowa ya zazzage leda a tebur, silalla zalla, 'yan hamsin da 'yan ɗari, wani lokacin har da naira saboda masu zuwa daga wajen iyaka, gefe kuma ga karne, littafin tike, da gindin tiken da ya rage. Lamba ta farko, lamba ta ƙarshe, tike nawa aka yaga, nawa ke kan tebur. In ba a rubuta lambobin karne a rajista ranar da aka ba mutum ba to an gama, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya ɓata. Ko lissafin ya zo cif ma ba shi ke nuna lafiya ba, don a cikin kasuwa kuɗin ke zubewa, mai tumatir ta ba da 50 maimakon 100 ba a yaga mata tike ba, ita ta ji daɗi shi ya ji daɗi, ko a karɓe tiken safe a sake sayar wa wanda ya zo da rana. Ban taɓa iya kallon yaran nan a matsayin ɓarayi ba, abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba kuma ba ya zuwa kan lokaci. Abin da na ga ya yi aiki, a biya su kasonsu a ranar, a riƙa canza musu layi kada mutum ya daɗe cikin 'yan uwansa, a buga kwanan wata a tike, sannan a zauna da sarkin kasuwa da sarkin pawa da sarkin shanu a gaya musu ga abin da kasuwarku ta kawo ga abin da za a yi muku da shi. Da aka gyara rumfar mahauta aka ja musu ruwa, su da kansu suka fara tambayar tike.

Sai maganar 4,9 da duk ma'aikacin Kamaru ya sani. Dokar kwangila ta 2018 ta bar a sayi abin da bai kai sefa miliyan 5 ba da bon kawai, wato takardar odar kaya, daga miliyan 5 zuwa sama a ƙa'ida sai an yi gasa. Shi yasa za ka ga bon na miliyan 4 da dubu 900 suna bin juna, aiki ɗaya an yanka shi uku, mutum ɗaya da sunan kamfani daban-daban. Kowane bon shi kaɗai ba ka ganin laifinsa sai ka jera su ka dubi kwanan wata da lambar wayar da ke saman faktir.

Inda na fi tsayawa kai da fata shi ne wajen karɓar aiki. Da zarar takardar komisiyo, kwamitin karɓar aiki, ta cewa an gama aiki ta shiga dosiye, resebar ba shi da hujjar ƙin biya, shi takarda yake dubawa ba rijiya ba. To in a ofis ƙarƙashin fanka aka sa hannun nan, duk matakan da na faɗa sun tashi a banza. Mun taɓa hawa moto zuwa wani ƙauye karɓar foraj, an shafa fenti an kafa allo, jauro da mutanensa sun shimfiɗa tabarma, aka buga famfo ruwa ya zo. Wata tsohuwa ce ta matso tace "'ya'yana, ku ɗan zauna ku ga in an cika bokiti biyar." Muka zauna. Kafin a kai haka sai iska da laka. Injiniyan da ke tare da mu ya rubuta abin da ya gani, ba a sa hannu ba sai da aka dawo aka gyara. Gani ya kori ji, kuma matan da ke ɗiban ruwan sun fi duk wanda ke komisiyon sanin aikin. Don irin haka ne ma ake riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, har kashi 10, sai lokacin garanti ya wuce, amma sau da yawa ba mai komawa ya duba kafin a sakar masa.

Bayan shekara ta ƙare mer na kawo nasa lissafin, resebar na kawo nasa, dole biyun su yi daidai, kuma lokacin da konsey zai jefa ƙuri'a a kan lissafin mer, shi mer ɗin fita yake daga ɗakin. Tsari ne mai kyau ƙwarai. Sai dai littafin da faransanci yake, shafi rututu, wani lokacin ranar zaman ake raba shi, konseye da yawa kuma manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da suka fi mu iya lissafi amma da fulatanci ko hausa suke yin sa. Ranar da aka ɗauki lokaci aka karanta musu layi-layi da harshensu, ga abin da muka ce zai shigo ga abin da ya shigo, tambayoyi suka yi ta fitowa, wata konseye ta kafe a kan kuɗin mai sai an gaya mata mota nawa meri ke da su da ke tafiya.

Zaman konsey a buɗe yake ga jama'a, kuma dokar 2019 ta ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman kwafin bije da lissafin ƙarshen shekara, shi zai biya kuɗin kwafin. Ba kasafai na ga wani ya zo nema ba, mutane na ganin kamar raini ne ga mer, ko a ce da su 'yan adawa. In ka je, sakatare janar za ka nema, kace lissafin bara kake so ba bijen bana kaɗai ba, ka dubi layin kasuwarku abin da aka sa rai da abin da aka karɓa, sannan ka tambayi jerin bashin da ba a biya ba da tun yaushe ake bin sa.