Harafi ɗaya a kan kiromosom na 8

A kan harafi ɗaya tak na yi aikin digirina na biyu a Jidda, cikin haruffa kusan biliyan 3 da ke DNA ɗin ɗan Adam. Ana kiran wurin rs6983267, a kan kiromosom na 8, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayoyin jiki. Wani G ya gada a nan, wani T. Tun 2007 aka gano masu G sun ɗan fi kamuwa da kansar hanji, abin da ya ɗaure wa masana kai, domin yankin ba ya haɗa furotin ko ɗaya. Sai a 2013 aka bayyana cewa wata doguwar RNA, wato kwafin da jiki ke yi daga DNA, mai suna CCAT2 tana fita daga daidai wurin. Irin waɗannan RNA sun haura haruffa 200, ba sa zama furotin, amma suna kunna wasu ƙwayoyin gado su kashe wasu. Ita CCAT2 maƙwabciyar ƙwayar gado mai suna MYC ce, wadda ke ingiza ƙwayoyin jiki su yi ta rabuwa.

Aikin ɗakin gwaji bai ba ni wahala ba: a ɗebi jini, a tace DNA, a sa a injin PCR mai ninka DNA don a karanta harafin. Wahalar tana wajen zaɓen wa za a kwatanta da wa.

Jidda da Makka garuruwa ne da aikin Hajji ya tara jinsi iri-iri. Akwai mu jikokin Hausawan da suka zo ta Sudan, ga Bukharawa daga Asiya ta Tsakiya, ga 'yan Jawa daga Indonesiya da Hadramawa daga Yemen, duk katin ɗan ƙasa iri ɗaya. To, harafin G kusan rabin abin da ake samu ne a Turawa, amma a mutanen Afirka ta Yamma shi ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. In marasa lafiyarka sun fi yawan baƙar fata, masu lafiyar kuma ba haka ba, lissafi zai nuna maka alaƙa mai ƙarfi tsakanin G da cutar alhali asali kawai ka auna. Shi ya sa na ƙara tambayar garin kakanni a takardar tambayoyin masu ba da jini, na kuma raba lissafin gida-gida. Yawancin manyan binciken da muke dogaro da su a kan Turawa aka yi, wannan kuwa yana ci mini rai.

Wani dattijo da na yi wa bayani da Hausa ya ce, "'Yata, in an ga G ɗin a jinina, shi ke nan ta kama ni?"

Na ce, "A'a Baba. Ƙarin haɗarin kaɗan ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan na kowa. Shekaru, ƙiba, taba da tarihin cutar a dangi sun fi shi nauyi."

Ya miƙo hannu aka ɗebi jinin. Kafin ya tafi na rubuta masa sunan gwajin duba hanji da kyamara, tunda ya ce cutar ce ta yi ajalin yayansa.