Ku ba ɗan dambena sikeli

Daren jiya na kai ɗan dambena ritaya a UFC 5, gem ɗin bidiyo na gasar damben UFC. Gatari na sa masa suna, ɗan ajin masu nauyin fam 155. Ya fito fage sau talatin da ɗaya, sau biyu kacal aka kayar da shi, kambu biyu a kafaɗarsa. Da na ajiye madannan gem ɗin sai na yi shiru ina laluben dare ɗaya daga cikin rayuwarsa da zan iya ba ƙanena labari. Ban samu ba. Duk makonnin kamar an zuba su a kwano ɗaya: raba makin mako, dakan abokin atisaye, amsa saƙon wani a shafin sada zumunta, kallon bidiyon abokin karawa, shiga keji. A fito, a sake.

Ina son gem ɗin nan, kada a yi mini gurguwar fahimta. Tun da ya fito a Oktoban 2023 nake kansa, kuma abin da ke faruwa cikin keji ya kai. Ido ya kumbura, gira ta tsage, likita ya shigo ya duba, wani lokacin ya tsayar da wasan. Matsalata tana wajen keji, a sashen da mutum ke gina ɗan dambensa daga tushe har zuwa ritaya.

Abu na farko da nake nema shi ne sikeli. Duk mai bin damben MMA, wanda ya haɗa naushi da hauri da kokawa, ya san faɗan farko ranar awo ake yinsa, kwana ɗaya kafin a shiga keji. Mutumin da nauyinsa na yau da kullum ya haura ajinsa nesa ba kusa ba, shi zai yi makonni yana rage ci, a kwanakin ƙarshe ya matse ruwan jikinsa da gumi, ya hau sikeli idanu sun faɗa. A Mayun 2022 Charles Oliveira ya hau sikeli kafin gasar UFC 274, ya nuna fam 155.5, alhali iyakar wasan kambu a ajinsa 155 ce. Rabin fam! Nan take ya rasa kambunsa, tun ba a kai masa naushi ko ɗaya ba. Washegari ya shaƙe Justin Gaethje a turmin farko, ya ci wasa, amma ya koma gida ba kambu. Khabib Nurmagomedov kuwa, a Maris na 2017 asibiti aka kwashe shi wajen rage nauyi, karawarsa da Tony Ferguson ta rushe.

Gatari bai taɓa sanin wannan fargabar ba. Na zaɓa masa aji a rana ta farko, shi ke nan. Da a ce ni ke da ta cewa, sai in sa nauyi ya zama abin da kake lura da shi kowane mako. Ka bari ya taru, ka sha wuya a ƙarshe, numfashinka ya ƙare tun a turmi na biyu, haɓarka ta yi laushi. Ka fara ragewa da wuri, ƙarfin naushinka ya ɗan ja baya. Ka kasa cika awo, a yanke wani kaso na kuɗinka a ba abokin karawa, kamar yadda ake yi a zahiri. Shekaru na tafiya abin na ƙara tsanani, har ranar da jiki da kansa zai tilasta maka haurawa ajin fam 170, inda ƙarti suka fi ka girma. Sauya aji ya zama dole ce ta kawo shi, ba kwaɗayin kambu na biyu kawai ba.

Sai maganar faɗuwa. Na ga abokaina da yawa suna kashe na'ura da zarar sun ga za a kayar da su, don kada tabo ya shiga tarihinsu. Ban ga laifinsu ba, tunda faɗuwa a gem ba ta buɗe wata ƙofa. Alhali a fage na gaske nan labari yake farawa. Kamaru Usman yana gaba da maki a UFC 278, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya ɗora masa hauri a ka. Alex Pereira ya ƙwace kambun Israel Adesanya a Nuwamban 2022, Adesanya ya dawo a Afrilun 2023 ya shimfiɗe shi a turmi na biyu. Watanni biyar ɗin da ke tsakani su nake so in buga: koci ya zauna da kai ku kalli inda ka yi sake, ka yanke shawarar zama ko sauya gidan atisaye, ɗan dambenka ya riƙa jin ɗar-ɗar da irin bugun da ya kayar da shi har sai ka wanke masa shi.

An taɓa kusantar irin wannan ai. Gem ɗin EA Sports MMA na 2010 yana tura ka gidajen atisaye a ƙasashe daban-daban, tsohon zakaran UFC Bas Rutten na kocinka, kuma dokokin wasa suna sauyawa gwargwadon gasar da ka shiga. UFC Undisputed 3 na 2012 yana da tsohuwar gasar Pride ta Japan, da zobenta mai igiya da damar haurin wanda ke ƙasa. Mutum yana jin duniyar tana da faɗi.

Kuɗi ma haka. Francis Ngannou ya bar UFC a Janairun 2023 yana riƙe da kambun masu nauyi, saboda ba su daidaita kan kwantiragi ba, ya koma wata gasar mai suna PFL. Na san gem mai ɗauke da sunan UFC ba zai buɗe maka hanyar wata gasa ta gaske ba, amma zai iya sa kuɗin su yi ciwo: ladan koci, kason manaja, jinyar gwiwa, da tayin wasa mai tsoka da ya zo kana da rauni.

Yau da yamma zan fara sabon ɗan dambe, na riga na rubuta dokokina a bayan littafi. Ba kashe na'ura. In an yi masa kisa sau biyu a jere, ya haura aji. In ya faɗi sau uku cikin wasa biyar bayan ya riƙe kambu, ritaya, ko gem ya yarda ko bai yarda ba. Ƙanena ya ce shi zai riƙe littafin.