Hayaƙi a Kan Kornish

Jidda, daren 23 ga Satumba

Ƙarfe ɗaya saura, kowa ya kwanta, kunnena kuwa bai daina ƙugi ba. Gara in rubuta tun abin da ɗuminsa.

Yau hutun Yaumul Waɗani, ranar ƙasa ta Saudiyya, gareji a rufe. Niyyata in biya bashin barcin da jikina ke bi na, amma tun asuba yaron nan yake kewaya ni kamar mage ta ji ƙamshin kifi. Ɗan fari ne, ban iya kiran sunansa ba a baki balle a rubuce, saboda haka a nan ma "yaron nan" zai zauna. Shekararsa 17. Tun yana firamare ya ce shi matuƙin jirgin yaƙi zai zama, muka yi dariya muka ce ƙuruciya. Ƙuruciyar ta ƙi wucewa.

Na yarda mu je Kornish, bakin teku, kallon wasan jiragen yaƙi ne da wata manufa. Sati guda na yi ina bincike a waya cikin dare, ina tara labarin haɗurran wasan jirage, don in ya gama kallo in zuba masa ruwan sanyi.

Bayan azahar muka fita, ni da shi da uwarsu da auta, muka ɗauki maƙwabcinmu Baba Alhaji, wanda a Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci. Tafiyar minti 25 ta cinye mana awa ɗaya da rabi. Ko'ina kore: tuta a kan motoci, tuta a kumatun yara. Fakin sai can nesa, muka tako a ƙafa cikin wannan danshin na Jidda mai manna riga a baya.

Manyan suka fara wucewa, F-15 da Typhoon. Sai ka ga jirgi ya gifta shiru, ka juya, sannan ƙarar ta iso ta dake ka a ƙirji. Auta ta toshe kunne tana dariya. Daga nan waɗanda ake jira suka ɓullo ta wajen teku, ƙanana, kore da fari, fiffike kusa da fiffike kamar an ɗinke su da zare. Suƙurus Sa'udiyya, shahunan Saudiyya. Yaron nan ya ce a Tabuk suke zaune, tun 1998 aka kafa su, jirgin kuma sunansa Hawk, ƙirar Ingila. Auta ta ƙirga ta faɗi adadinta, shi ya ƙanƙance ido ya faɗi nasa daban, suka yi ta musu. Ban kula ba a lokacin.

Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Da suka zana itacen dabino da takubba biyu da hayaƙi, ni ma na ɗaga hannu tare da jama'a. Amma akwai inda biyu suka ware, ɗaya daga arewa ɗaya daga kudu, suka nufo juna ƙasa-ƙasa a kan ruwa, sai da suka zo gab sannan kowa ya karkace. Uwarsu ta saki salati ta damƙe auta. Ni kuma sai na ga ƙofa ta buɗe.

"Ka san Ramstein?" na ce masa.

"Jamus, Baba. Agustan 1988. Jiragen Italiya uku suka yi karo, ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo. Mutum 70."

"To Yukren fa?"

"Sknyliv, 2002. Mutum 77, da yara da yawa a ciki. Matuƙan biyu sun fice da rai."

Duk abin da na kwana ina haddacewa, yaro ya riga ni. Har ya ƙara min da wanda ban sani ba. A Shoreham ta Ingila, 2015, wani tsohon jirgin yaƙi ya tashi yin alkafura a sama. Ana buƙatar ya kai ƙafa 3,500 kafin ya juyo da hanci ƙasa, shi kuwa wajen 2,700 ya kai, ya juyo a haka. Kafin ya gama zagayen ƙasa ta tare shi, ya faɗa kan babban titi, mutum 11 suka mutu, cikinsu har da waɗanda wucewa kawai suke yi. Yana ba ni labarin yana zana da'irar da hannu, idonsa na sama. Ya ce shi ya sa yanzu ake yin wasan a kan ruwa ko daura da jama'a ba a kansu ba, kuma waɗancan biyun da suka tsorata Mama ba a kan layi guda suke ba, daga inda muke tsaye ne ido ke haɗa su.

Ni bakanike ne, lissafin ƙarfe nake ganewa. Jirgin da ke gudun kilomita 600 a awa yana cin mita 167 a daƙiƙa ɗaya, fiye da filin ƙwallo ɗaya da rabi. Atishawa ɗaya ke nan. A can ƙololuwa in abu ya kuskure, mutum na da sararin gyarawa, ko ya ja hannun kujerar da ke harba shi waje ya sauko da lema. A ƙasa-ƙasa wannan sararin ne aka sayar don mu 'yan kallo mu ji daɗi. Ga zafi, wanda ko injin mota ya san shi: iska in ta yi zafi sai ta yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage riƙo. Ga tsuntsayen teku ina ganinsu suna shawagi a kan ragowar abincin da mutane suka zubar. Na tambaye shi inji nawa ne da Hawk. Ya ce ɗaya. Na nuna masa tsuntsayen, bai ce komai ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne maganar jini. Ya ce in jirgi ya yi kwana mai tsanani, nauyin mutum kan ninka sau shida ko fiye, mai kilo 70 ya ji kamar ya haura 400. Jini ya gangara ƙafa ya bar kai, gani ya dushe, ya tsuke kamar ana leƙen rami, daga nan sai suma. Akwai wandon da ke kumbura ya matse cinya da ciki, kuma ana koya musu ɗaure jiki da wani irin numfashi. Duk da haka a 2011 wani matuƙin Red Arrows, 'yan wasan jirage na sojan saman Ingila, Jon Egging, ya rasu a irin wannan Hawk ɗin bayan an gama wasa, bincike ya danganta abin da wannan nauyin. Yana faɗa yana murmushi, kamar mai ba da labarin ƙwallo.

Baba Alhaji ne ya katse shi. "Ya waladi, mota in ta mutu ka gangara gefen titi ka kira babanka. Can sama wa za ka kira? Kuma kai da igama kake, takardar zaman baƙi. Kwalejin sojan sama ta Sarki Faisal 'yan ƙasa take ɗauka."

"Na sani, Baba Alhaji. Kaduna zan tafi, NDA, makarantar horar da hafsoshin soja."

Nan cikina ya ɗuri ruwa. Yaron da sau biyu ya taɓa taka Najeriya, Turancinsa na tafiya da sanda, sai ya zauna JAMB, ya tsallake tantancewa, sannan ko an ɗauke shi ba kowane sojan sama ake ba jirgi ba. In an ba shi kuma, ba dabino zai riƙa zanawa ba. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi Alpha Jet a wajen Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya fice da lema, ya yi ta ɓuya a daji har Allah ya kuɓutar da shi. Shi ma faretin bai bar mu ba: ranar 28 ga Satumban 2018 jirage biyu suka gogi juna a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai, hafsa Bello Baba-Ari ya rasu. Uwarsu, wadda ba ta ce uffan ba tun ɗazu, ta ce ita ba faɗuwar kaɗai take tsoro ba, tana tuna Rann ta jihar Borno, inda a 2017 bom ɗin jirgin sojan sama ya sauka kan sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure. Ta ce wani ɗan ne ya danna, kuma da uwarsa. Wannan karon yaron nan ya sunkuyar da kai.

Muka yi magariba a masallacin bakin ruwa, na saya musu balila, muka kama neman mota. Duhu ya fara, motoci farare iri ɗaya sun yi layi. Na hango wata na ce masa ya karanto min lambarta. Ya tsaya, ya ƙanƙance ido, ya matsa taku uku, ya sake ƙanƙancewa. Auta daga bayansa ta karanto ta tsaf. Ni mai shekara 49 ma ina ganin rabinta.

Sai musun ƙirgar jirage ya dawo min. Kuma, Allah ya yafe min, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga wuya, domin na san gwajin idon matuƙan yaƙi ba ya da sassauci. Uba yana murna idon ɗansa ya samu rauni. Har muka iso gida ina istigfari a zuci, shi kuwa yana baya yana nuna wa Baba Alhaji bidiyon da ya ɗauka.

Da yara suka kwanta na gaya wa uwarsu. Ta daɗe tana ninke kayan da ta riga ta ninke, sannan ta ce, "Malam, ni tun azumi na lura. Allon talabijin ma sai ya matso." Na ce me ya hana ta faɗa. Ta dube ni kawai.

Mun yi shawara jibi, in an koma aiki, zan tashi gareji da wuri in kai shi a auna idon. Ta ce in gaya masa dalili tun a gida, kada ya ji a bakin likita. Na ce to. Har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba, kuma fitilar ɗakinsa a kunne take.