Dakalin Bakin Titi da Sana'ar Mai Sayar da Allon Sulu

Sana'ata ita ce sayar da allon sulu da kayan gyaransa, wato katakon nan mai taya huɗu da matasa ke hawa suna turawa da ƙafa ɗaya. Shagona ƙarami ne a Abuja, kuma duk wanda ya leƙo zai ɗauka cewa allunan masu zane da ke rataye a bango su ne ke kawo ciniki. Gaskiyar magana ita ce, abin da ke riƙe da shagon shi ne dakalin siminti na bakin titi, domin shi ne ke cin ƙarfen taya, yana farfasa bakin katako, yana kashe takalmi, kuma duk abin da ya ci, wurina ake dawowa a nemi madadinsa. A garin da ba kowace unguwa ce ke da filin wasan da aka gina musamman ba, a kan wannan dakali yaro ke koyon gurza, wato sulu a kan bakin dakali da ƙarfen taya, kuma daga ranar da ya iya gurza ne yake zama abokin ciniki na dindindin.

Wasan ya taso ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, a hannun masu hawan igiyar ruwan teku waɗanda ke neman abin yi a tudu idan teku ta kwanta. Ya samu ƙarfi a farkon shekarun 1970, lokacin da Frank Nasworthy ya fito da tayoyin roba mai tauri ta yuretin, waɗanda suka maye gurbin na ƙarfe da na yumɓu. Alan Gelfand ne ya ƙirƙiro tsallen da ake kira oli, inda mutum ke tashi sama tare da allon ba tare da ya kama shi da hannu ba, a ƙarshen shekarun 1970, Rodney Mullen kuma ya sauko da shi kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980, daga nan titi kansa ya zama filin wasa. Tun da aka shigar da wasan gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, inda Yuto Horigome da Momiji Nishiya, yarinya 'yar shekara 13, suka ci zinare a ɓangaren wasan titi, na samu sauƙin yi wa iyaye bayani, domin a da da yawansu na ɗaukar abin a matsayin shiririta ta marasa aikin yi.

Gurza ita ce mutum ya ɗora ƙarfen da ke riƙe da tayoyi a kan bakin dakali, ya tafi a kansa yana sulu, ƙarfe na cin siminti. Wannan ƙarfe alminiyum ne aka zuba a kan sandan baƙin ƙarfe da ya ratsa ta cikinsa, akwai kuma babbar ƙusa mai noti a tsakiya wadda ta matse bushin biyu na roba, su ne ke ba allon damar karkata dama ko hagu. Allon kansa falle bakwai ne na itacen mapul da aka manne aka matse. Tayoyin da suka dace da wannan aiki sukan kai milimita 52 zuwa 56, kowace tana da boris biyu a ciki. Faɗin ƙarfe dole ne ya yi daidai da faɗin allo: mai allo inci 8 ina ba shi ƙarfen kamfanin Independent lamba 139, mai inci 8.25 lamba 144, mai inci 8.5 kuma lamba 149. Idan ƙarfe ya fi allo ƙunci, mai koyo ba ya samun isasshen wurin zama a kan dakali. Idan ya fi shi faɗi da yawa, ƙafarsa takan taka taya yayin turawa.

Babban abin da nake fama da shi a wurin iyaye shi ne allunan wasan yara da ake sayarwa a manyan kantuna. Uba zai shigo da ɗansa da irin wannan allo a hannu, ya ce: "Malam, a duba masa wannan, sati biyu ke nan da saya amma ya ce ba ya tafiya." Sai in juya allon in nuna masa. Abin da ke riƙe da tayoyin roba ce aka shafa wa fenti mai ƙyalli, ko wani ƙarfe marar ƙwari da kan tsage a karon farko da ya haɗu da siminti. Nakan ce masa: "Alhaji, wannan ba ya gyaruwa, kuma idan ya hau dakali da shi, kuɗin asibiti zai fi kuɗin allo mai kyau." Wasu sukan ɗauka dabarar ɗan kasuwa ce, su tafi. Waɗanda suka tsaya kuwa, sau da yawa na hannu nake haɗa musu: allon da wani babba ya ajiye, ƙarfe mai kyau da ya ɗan ci, da sabon boris. Arha ba ta ado, amma a wannan sana'a na hannu mai asali ya fi sabo na jabu nesa ba kusa ba.

Kafin a koyi gurza sai an gyara dakalin, kuma wannan aiki ne da masu kallon bidiyon Amurka ba sa gani. A Kalifoniya, dakalin da aka shafa wa jan fenti don hana ajiye mota ya yi suna saboda santsinsa, kuma yawanci zubi ɗaya ne mai tsawo. Namu kuwa guntu-guntu ake bugawa a jera, a shafa musu baƙi da fari, kuma tsakanin kowane biyu akwai gaɓa da kan kama ƙarfe ta jefar da mutum. Saboda haka mukan fara da neman wuri mai lafiyayyen ƙasa a gabansa, ba yashi, ba intalok mai tsalle-tsalle, ba kwata a buɗe a bayansa. Sai a goge bakin dakalin da dutsen guga har tsakuwar da ta fito ta kwanta, a share ƙurar tas, a cike gaɓoɓin da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, a bi ta da samfefa idan ta bushe. Bayan haka a fesa banish marar launi, a bar shi ya bushe sosai, sannan a goga kakin kyandir kaɗan. Kaɗan nake nufi. Masu koyo suna da son cika kaki saboda tsoron maƙalewa, alhali kakin da ya yi yawa shi ne ke sa allo ya kufce ya yi gaba, mutum ya faɗi ta baya a kan ƙugu ko wuyan hannu. A zafin watan Maris kakin kan narke ya kwashi ƙura ya zama baƙin danƙo, a lokacin hunturu kuma sai an share wurin kullum kafin a fara, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da taya cak.

Akwai hanya biyu ta hawa dakali, kuma ina da ra'ayi a kan wadda ya kamata a fara da ita. Ta farko ita ce a yi oli a dira a kai da ƙarfe biyun, abin da ake kira 50-50. Ta biyu ita ce silafi, wadda ake danganta ta da John Lucero da abokansa a farkon shekarun 1980, inda ba a tsalle sam: mutum zai taho da gudu a karkace, ya kwanto da allon, ya buga tayar gaba a jikin dakali ta hau, ta baya ta biyo. Yawancin yara suna ɗokin oli saboda shi suke gani a waya, amma oli mai tsayin da zai kai mutum kan dakali cikin natsuwa yakan ɗauki watanni, kuma a cikin watannin nan ne da yawa ke karaya su jingine allon. Silafi a kan gajeren dakali mai ɗan gangare yana koya wa yaro abin da ya fi muhimmanci tun da wuri, wato yadda ake tsayawa a kan ƙarfe alhali yana tafiya. Wanda ya san wannan, ranar da olinsa ya nuna, rabin aikin ya riga ya gama.

Ga yadda nake bi da mai koyo a ranakun Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi. Da farko nakan sassauta masa notin babbar ƙusa kaɗan, domin allon da aka ɗaure tamau ba ya kwantawa, kuma wanda bai kwanta ba ba zai hau dakali ba. Sai in sa shi ya ɗora allon a kan dakalin da hannu, ya hau ya tsaya, ya ji inda nauyinsa ya kamata ya zauna: a saman dakalin, ba a gefen titi ba, gwiwoyi a lanƙwashe, kafaɗu a miƙe daidai da tsawon dakalin. A nan yake gane cewa tayar da ke rataye a gefe tana jingina da jikin simintin, ita ce ke kulle allon kada ya zame. Bayan haka sai ya koyi sauka, ya danna bayan allon kaɗan, ya juya kafaɗa zuwa titi. Sai ya iya sauka nake barinsa ya gwada hawa da gudu.

Gudun shi ne inda ake samun gardama. Hankali yana gaya wa mai koyo cewa tafiya a hankali ta fi aminci, amma a kan dakali akasin haka ne, domin ƙarfe yana buƙatar ƙarfin tafiya kafin ya rinjayi kaushin siminti. Wanda ya taho a tsorace, ƙarfensa zai cije, allon ya tsaya, shi kuma jikinsa ya wuce gaba. Nakan tsaya a ƙarshen dakalin in ce: "Ƙara turi ɗaya, ɗan'uwa, kuma ƙarshen dakalin za ka kalla, ba ƙafarka ba." Yakan amsa da "To, Oga," ya koma ya taho da irin gudun da ya yi ɗazu. Sai ya ga wani sa'ansa ya wuce shi da gudu ya gurza lafiya, sannan maganar take shiga. Sauran kurakuran sanannu ne: buɗe kafaɗa, wanda ke juyar da allon, miƙe ƙafar gaba a daidai lokacin da ya kamata a sassauta mata nauyi, da jingina baya saboda tsoro. Ƙananan yara ba na barinsu su gwada ba tare da hular kwano da kariyar wuyan hannu ba, ko da iyayensu sun ce a bari.

Mai shago yana karanta ƙarfen taya kamar yadda bakanike ke karanta filogin mota. Idan yaro ya miƙo mini allonsa na ga ƙarfen gaba ya ci, na baya kuwa sumul, na san yana hawa amma ƙafar baya ba ta biyowa. Idan kwarin da ya fara fitowa yana kusa da taya ɗaya a ƙarfe biyun, ya samu wurin kullewa, kuma daga nan kwarin zai riƙa taimaka masa. Idan kan babbar ƙusa ya daddauje, ita ce ke kama dakalin, sai in duba ko bushin ya mutu ko kuma in juya masa zuwa ƙusar da kanta ke lotse a ciki. Akwai kuma zaren sandan taya da kan lalace saboda dukan siminti har noti ya ƙi fita, wannan kuwa da abin gyaran zare nake tayar da shi, ba na karɓar ko kwabo. Wanda ya gurji alminiyum har baƙin ƙarfen ciki ya bayyana, abin alfahari ne a wurinsu, wasu ma sukan ce in rataye musu shi a shago.

Wahalar sana'ar tana wajen shigo da kaya, domin babu ko ɗaya daga cikin abubuwan nan da ake ƙerawa a nan da ingancin da ake buƙata. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma kowane allo da kowace taya sun bi ta. Wannan ya sa na ƙara dogara ga allunan da ba su da zane, na hannu, da aikin gyara. Ina kuma bin abin da ke faruwa a Legas, inda masu shagon allon sulu na Wafflesncream suka daɗe suna raya wasan, da Akara babban birnin Ghana, inda aka buɗe filin wasan sulu na Freedom a Disambar 2021, domin duk abin da matasan can suka fara hawa, nan da ɗan lokaci za a zo ana tambayata shi.

Sai batun masu wuri. Kaki yana baƙanta dakali, gurza tana cin bakinsa, ƙarar ƙarfe kuma ba kowa ke jure ta ba, don haka maigadin da ya kori yara daga harabar wani gini bai yi laifi ba, aikinsa yake yi. Dokar da na kafa wa masu zuwa wurina ita ce, ba a shafa kaki a ƙofar masallaci, asibiti, makaranta, ko inda tsofaffi ke taka ƙafa su hau, kuma ba a gyara dakalin kowa sai an nemi izini. Sau da yawa idan na je da kaina na gaida mai wurin, na yi masa bayanin lokacin da za a zo da wanda za a tashi, na yi alkawarin za a share wurin a kuma sabunta fenti idan ya goge, yakan yarda a yi amfani da wurin ajiye motoci ranar da ba a aiki. Inda aka ƙi, mukan buga namu: akwatin katako mai tsayin taƙi ɗaya, a sa mai walda ya ɗaura masa ƙarfe mai kusurwa a baki, a ɗauke shi a bayan mota zuwa duk inda aka samu fili. Da damina shi muke shigarwa ƙarƙashin rumfa, domin ruwa yana ɓamɓare fallayen mapul, yana kuma sa boris tsatsa, shi ya sa tun kafin ruwan farko na watan Afrilu nake tanadar boris fiye da kowane kaya a shagon.