Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Idon Baba

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda muka dawo Kano daga Gumel bayan an yi wa Abban Ummi canjin wajen aiki, ina ɗauke da cikin wata shida, na kuma yi alƙawarin yau zan kawo labarin haihuwar. To ku yi min haƙuri, sai na fara bi ta kan idon Baba tukuna, don abubuwa da yawa da suka faru a gidanmu daga nan suka taso, kuma wallahi har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Babanmu tela ne, ya fi shekara 30 a kan keken ɗinki a Fagge, wata tsohuwar Butterfly da ya fi ji da ita fiye da komai a shagon. Da ya haura 40 sai ya fara miƙa takarda nesa kafin ya iya karantawa, zura zare a allura ya zama aiki, sai ya sayi gilashi a wajen masu shimfiɗa tabarau a bakin masallacin Juma'a, ya gwada wannan ya ajiye ya ɗauki wancan har ya samu wanda ya yi masa. Wannan kam ba wani abu ba ne, kusan kowa in ya kai shekarun nan sai ya nemi gilashin karatu. Amma gilashin nan shi ya yaudare mu, tunda muna ganin Baba na karanta Alƙur'aninsa kullum bayan asuba, yana zura zarensa, wa zai ce idonsa na da matsala?

Abin ya fara ne da buta. Kullum sai Baba ya yi tuntuɓe da buta a tsakar gida ya hau faɗa wai yara ba sa ajiye kaya a inda ya dace, alhali butar nan inda take tun muna yara nan take. Sai kafaɗarsa ta riƙa bugun bakin ƙofa. Wata rana ya zo ya wuce Inna a zaure tana tsaye daga gefensa bai ce mata komai ba, ta yi kwana biyu tana fushi wai ya share ta a gaban baƙi, shi kuma yana ta rantsuwa bai gan ta ba. Da ya fara neman yaro ya raka shi sallar isha'i Inna ta ce dundumi ne, aka yi ta gasa masa hanta. Goggo kuwa ta zo daga ƙauye ta ce ita ba ta yarda ba, jifa ne daga abokan sana'a, aka shiga rubutu da turare. Ana cikin haka idon ya riƙa yi masa ƙaiƙayi lokacin hunturu, wani ɗan kemis ya ba shi maganin ɗigawa, ya ji daɗinsa, shikenan duk sanda ya ƙare sai ya aika da kwalbar a sayo masa irinta, ya fi wata takwas a haka babu wanda ya taɓa tambayar mene ne a ciki.

Har mai cire yanar ido sai da aka kawo mana gida. Irin waɗanda ke yawo gari gari ɗin nan, su soka wani tsinke a ido su tura ƙwayar da ta yi fari ta faɗa can ciki. Yayanmu babba shi ya tsaya kai da fata ya ce ba za a taɓa idon Baba ba, saboda wani dattijo a layinmu an yi masa, ya ɗan ga haske na 'yan makonni ana ta murna, daga baya idon ya kumbura ya yi ta ciwo dare da rana har idon ya mutu gaba ɗaya. Allah ya saka wa Yaya da alheri a kan wannan.

Abin da ya kai mu asibiti, mai babur ne ya buge Baba a titi, ya taho daga hannun damansa da rana tsaka kuma Baba ya ce sam bai ga tahowarsa ba sai dai ya ji shi a ƙasa. Da ƙafar ta yi sauƙi ni da Yaya muka ɗauke shi sai asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, ana idar da sallar asuba muka fita amma mun tarar da layi, mutane daga ko'ina har da 'yan Nijar da suka kwana a hanya. Muna zaune da katinmu wata nas ta fito tana wa jama'a bayani, a bakinta na fara jin cewa an yi wani babban bincike a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, aka gano cikin mutum 100 da suka kai shekara 40 zuwa sama kusan 4 makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar sai hawan jinin ido na bi mata, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 abu ne da za a iya karewa ko a magance. Ni dai a raina addu'a nake Allah ya sa yana ce, a yi aiki mu koma gida.

Aka sa shi ya rufe ido ɗaya ya karanta allon nan mai harafin E, na hagu ya yi ƙoƙari, na dama kuwa sai dai yatsu da ake ɗaga masa. Aka ɗiga masa magani aka sa haɓarsa a kan wata na'ura mai shuɗin haske aka auna, sannan aka kai shi wani ɗaki mai duhu aka ba shi abin dannawa, wai duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Ina tsaye a bayansa ina jin na'urar na ta aiki, hannun Baba shiru, sai jefi jefi. A nan jikina ya fara sanyi.

Likitan ya ce, “Baba, hawan jinin ido ne.” Baba ya ce, “Likita ni fa ba ni da hawan jini, ko watan jiya an auna ni.” Sai ya zauna ya yi mana bayani a tsanake, ya ce sunan ne kawai ya yi kama, wannan ba ruwansa da jinin jiki. Akwai wani ruwa da ido ke yi kullum yana fita ta wata 'yar magudana, in magudanar ba ta ja sosai sai ruwan ya taru ya riƙa danne jijiyar gani da ke bayan ido tana mutuwa a hankali, kuma daga gefe gefe take fara ci, tsakiya ce ƙarshe, shi ya sa mutum zai iya karatu amma ya kasa ganin buta a gefen ƙafarsa. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Awon mai lafiya yawanci tsakanin 10 ne zuwa 21, na Baba na dama ya haura 40. Da na fito da kwalbar kemis ɗin nan daga jakata ya juya ta ya karanta ya girgiza kai, ya ce akwai sinadarin sitiroyid a ciki, in aka daɗe ana ɗigawa yana ƙara hawan a idon wasu mutane, a daina daga yau.

Baba ya ce, “To yaushe za a yi aikin in samu in koma shago?” Likitan ya yi ɗan shiru. Ya ce yanar ido ita ake cirewa a sa ƙwayar roba mutum ya tashi yana gani, amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa, abin da za a yi yanzu shi ne a tsare wanda ya rage a na hagu. Na kasa riƙe kukana. Baba ya ce, “Haba uwata, mene ne abin kuka, ai ya bar min na karatu, Alhamdulillahi.”

Sai likitan ya juyo kanmu ya ce 'ya'yansa nawa, muka ce bakwai, ya ce duk ku zo a auna ku, har ƙannensa in suna kusa, ciwon nan yana bin jini kuma mu baƙar fata ya fi kama mu da wuri.

Nan fa aka sha daru. Na rubuta a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp, wannan ya ce aiki, wannan ta ce sai maigida ya dawo, Yayan da ya hana a soke idon Baba shi ne ma ya fi kowa taurin kai, wai shi idonsa garau yana hango lambar mota tun daga nesa. Sai da Inna ta ce duk wanda bai je ba kada ya zo gaishe ta ranar Juma'a. Ranar da muka tafi adaidaita uku muka cika har da jikoki.

Yaya, mai shekara 43, mai ido garau, shi aka samu da shi. An kama shi da wuri, yau shekara nawa yana ɗiga magani yana tuƙa motarsa lafiya lau. Inna kuma yanar ido ce a ido biyu, ga ciwon suga da take fama da shi wanda aka ce saboda shi dole duk shekara a riƙa duba bayan idonta ko ba ta jin komai. Aka yi mata na farko, washegari da aka cire bandeji ta kalle ni ta kalle ni ta ce, “Ke ashe haka kika rame?” Muka yi ta dariya muna hawaye.

Maganin Baba shi ne jidali na kullum. Timolol safe da yamma, sai da aka tambaya ko yana da asma kafin a rubuta masa, da wani latanoprost na dare wanda ake son a ajiye a firij kafin a buɗe, mu da wuta ba ta zama, wajen maƙociya mai sola muke kaiwa. Ga tsada, ga Baba da ya yi wata biyu sai ya ce shi bai ga wani canji ba a daina ɓarnar kuɗi, sai na zauna na lallashe shi in ce Baba rashin canjin ai shi ne aikin maganin. Da azumi ya zo ya ce ba zai ɗiga da rana ba tunda yana jin ɗacinsa a maƙogwaro, muka koma aka tsara masa lokacin sahur da bayan shan ruwa, aka kuma koya masa ya rufe ido ya danne kusurwar da ke jikin hanci na ɗan lokaci don kada ya gangara. Autanmu ne ya ɗauki nauyin ɗiga masa, ya sa ƙararrawa a wayarsa, ko yana wajen ƙwallo in ta buga sai ya taho.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Ummi, 'yata ta fari. Shekararta 6 a lokacin, kullum littafinta babu komai, a makaranta a dake ta wai ba ta kwafar abin da ke kan allo, ni ma da hannuna na sha dukanta ina ce mata ba ta mai da hankali. Na tafi da ita ne kawai don babu wanda zan bar wa ita a gida. Da aka rufe mata idon dama aka ce ta faɗi inda ƙafafun E suka kalla sai ta yi shiru, ta juyo tana kallona a tsorace tana jiran faɗa. Ashe idon hagun ne bai koyi gani ba, ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ta dogara da ɗaya, shi ma ɗayan ba ya hango nesa sosai. Aka ce gilashi za ta sa, sannan a riƙa rufe mai ƙarfin na wasu awanni kullum don a tilasta wa ragon aiki, kuma mun zo a kan gaɓa don in yaro ya wuce shekara 7 zuwa 8 gyaran na ƙara wuya. A adaidaita na rungume ta ina ta ba ta haƙuri ita ko ba ta ma san dalili ba.

Ranar da muka karɓo gilashin, mai jan firem ta zaɓa da kanta, tana ta nuna min ganyen dalbejiya wai ashe ɗaya ɗaya suke. Muna shiga gida muka tarar da Hajiya, mahaifiyar Abban Ummi, ta zo daga Gumel babu sanarwa. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba, idonta na kan fuskar yarinyar. Ta miƙa hannu ta zare gilashin ta ce, “Wa ya ba ki izinin maƙala wa jikata wannan abin? So kike ki kashe mata ido tun tana ƙarama?”

Na ɗaga kai na kalli Abban Ummi da ke tsaye a bakin ƙofa, shi kuma ya sunkuyar da nasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.