Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Magani Ba Goro Ba Ne

Makon jiya na tsaya a inda Inna ta ƙulle mini kayana a tsohon zanenta aka saka ni motar Ƙaura. Na so in ɗora daga nan, sai ga shi daren jiya hotunan bikin 'yar farina sun faɗo mini a waya, na yi ta juya su har barci ya ƙaurace. Duk yawan hotunan babu ɗaya da ta buɗe baki ta yi dariya. Ƙawaye haƙora a waje, ita leɓe a rufe, ko ta ja gefen mayafi ta kare. Dangin ango suka ce kunyar amarci ce. Ni na san ba kunya ba ce. Za mu zo wurin.

A 1996 na shiga kemis ɗin Baffa a Ƙauran Namoda, shekarar da aka cire mana jihar Zamfara daga Sakkwato, kuma shekarar babban sanƙarau. Da bazara aka yi annobar, ni sai bayan damina na iso, amma na tarar zancen bai bar bakin mutane ba. Abin da ya fi zama a ransu shi ne allurar nan mai kauri kamar mai, kuloramfenikol, wadda ake yi wa wanda wuyansa ya sanƙare a ga ya tashi. Daga nan jama'a suka ƙara sakankancewa cewa ba abin da ya gagari allura da kafso. Baffa kuwa ɗan kasuwa ne, ya san inda ruwa ke gangarawa.

Ba sunan magani aka koya mini ba, launi aka koya mini. Ja da yalo na gudawa. Ja da baƙi na ƙurji da miki. Flagyl, mai bar maka ɗanɗanon ƙarfe a baki, na ciwon ciki kowane iri. Septrin na tari da mura. Mutum zai dire kuɗinsa a kan kanta ya ce a haɗa masa na iya nan, in ɓalli biyu a wannan kati, ɗaya a wancan, in ƙara farasitamol in ƙulle a leda. Mata su aiko yara a sayo Ampiclox wai na wankin ciki bayan al'ada, ko na ɗigawa jariri tun kafin suna alhali lafiyarsa ƙalau. Makiyaya su saya wa shanu, masu kiwon kaji su zuba a ruwan sha. Akwai kuma samarin bayan isha'i masu magana ƙasa-ƙasa, waɗannan ba zan tona su ba, wasu yanzu su ne a sahun gaba. Ban cika wata uku ba aka fara kirana likita a unguwa. Wallahi har tafiyata sai da ta canza.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kirana likita ba, Malam Disfensa. Tun zamanin En'e ya yi aikin asibiti, ya yi ritaya, kullum yana ƙarƙashin dogon yaron da ke kallon shagonmu, shi da rediyonsa. Wata rana ya yafito ni.

“Ɗana, wanga da ka ba kahso biyu, mi ka damun shi?”

Na ce, “Mura ce, Baba.”

Ya ce, “Mura ba ta jin kahso. Ko ka ba shi ko ka hana shi, in ta yi kwanakinta wucewa za ta yi. Magani ba goro ba na, ɗana. Ba a raba shi don a ji daɗinka.”

Shi ya fara gaya mini cewa ƙwayoyin cuta ba jinsi ɗaya ba ne. Kafso bakteriya yake kashewa, su ma kowace da wanda take ji. Mura da ƙyanda na bairos ne, zazzaɓin cizon sauro kuma nasa maganin daban. Ya ba ni labarin Baturen da ya gano fenisilin, maganin kashe bakteriya, a Landan a 1928, Alexander Fleming, daga hunhunar da ta fito masa a farantin gwaji, ya ce shi kansa mutumin ya yi kashedi tun 1945 cewa in ana shan abin ƙasa da ƙima, ƙwayoyin za su koyi jure masa. Na saurara don ladabi kawai. A raina cewa nake yi tsoho ya ga ana ciniki ne hassada ta motsa. Da na kai wa Baffa zancen dariya ya yi ya ce, “Ya ci hwanshonai ya ƙoshi. In ba ka saida ba, na gaba da kai ya saida.”

Kuma in za a yi adalci, Baffa ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce na ci naman mamaci. Mutum ya taso daga ƙauye a kan jaki ko keke, ɗansa na zafin jiki, kuɗin kafso huɗu ne a aljihunsa, asibiti sai ya kashe wuni a layi. Me za ka ce masa? Baffa yakan ba da bashi, wani ma ya yafe. Shi gani yake taimako yake yi, ni ma haka na gani har shekara tara.

Shekarun nan ba abin faɗi a cikinsu. Na yi aure, aka haifi yarinyar.

Da ta fara haƙori sai gudawa. Uwarta ta ce zawon haƙori ne, ni kuwa ga likita a gida. In buɗe ja da yalo, in zazzage rabin garin a cokalin koko in ɗura mata. Gudawa ta tsaya, wadda ko ban ba ta ba da ta tsaya. Bayan wata biyu ta dawo, in sake. Haka muka yi ta yi har ta kai shekara huɗu ko biyar. Da ta yi famfara haƙoran girma suka fito, sai ga su da wani irin launi tsakanin rawaya da toka, da zane a kwance kamar an ja da alƙalami. Mun yi asuwaki, mun yi gawayi, mun sayi man goge baki iri-iri. Gwaggo ta ce ruwan rijiyarmu ne. To ai ƙannenta rijiyar nan suka sha, haƙoransu fari tas, don kafin a haife su na daina. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta duba bakin yarinyar, ba ta tambaye ni komai ba sai, “Malam, tetirasaikilin kuka yi ta ba ta?” Sunan ja da yalo ke nan. Ta ce maganin yana kama sinadarin ƙashi ne lokacin da haƙori ke ginuwa a cikin dasashi, launin a ciki yake, goge ba ya kai wa gare shi. Shi ya sa ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, ba a ba mai ciki. Ta ce yawancin gudawar yara ruwan gishiri da sukari take so da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, sai in an ga jini a kashin ko an yi zargin kwalara ne ma'aikaci zai rubuta wani abu. Ina tsaye tana magana, muryar da nake ji ta Malam Disfensa ce. Magani ba goro ba ne. Ga shi na raba har a cokalin 'yata.

Abin dariya a ciki, in akwai, shi ne rabin masu sayen ja da yalo a hannuna da fura da nono suke kora shi, alhali nono riƙe shi yake yi ya hana jiki tsotsa. Sun biya kuɗi sun sha wahala a banza.

Daga nan na fara gardama a shago. In ce sai da takardar asibiti, ko in ce ba na ɓalla kati, wanda aka rubuta wa na kwana biyar ya sayi na kwana biyar ya shanye a kan lokacinsa. Ciniki ya ja baya, Baffa ya karɓe makulli. A nan nake so 'yan gidanmu masu bin wannan labari su buɗe kunne, don har yau akwai masu cewa girman kai ya fitar da ni, wai na yi wa mai riƙona butulci. Ban fita ba, fitar da ni aka yi, a gaban yaran shago.

Tun da na taɓo wannan bari in tsallaka gaba. A 2017, da sanƙarau ya sake ɓarkewa, wanda ya faro daga Zurmi nan kusa da mu, allurar seftiriyazon ce ta ceci yara da yawa. Yau ita ce yaran kemis ke tsira wa kowa guda ɗaya don jiki ya yi zafi, a ce taifot, ba awo ba komai. Duk na gani sai gabana ya faɗi, don na san inda hanyar take ɓullewa. A ƙafar Baffa na gani.

Ciwon suga ya kama shi, ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa. Maimakon asibiti sai ya riƙa buɗe kafso yana barbaɗa garin a mikin, yau ya sha wannan kwana biyu, gobe ya koma wancan. Sai da ƙafar ta fara wari aka kira ni, ni butulun. Na kai shi Gusau. Suka ɗebi ruwan mikin suka ce sai an shuka shi a ɗakin awo a ga wace ƙwaya ce da kuma maganin da take ji, a dawo bayan kwana uku. Takardar da aka miƙo mini sunayen magunguna ne a jere, kowane da harafi a gabansa. Duk waɗanda na tashi ina ɓallewa a kan kanta, R ne a gabansu, wato ba ta jin su. S, wato wadda take ji, guda ɗaya ce, allura mai tsadar da sai da na sayar da babur ɗina. Baffa ya ce wa mai awon, “To jikina ya saba da magani ke nan.” Yaron ya ce, “A'a Baba, ba jikinka ba ne, ƙwayar cutar ce ta saba. Kuma tana iya barin jikinka ta kama wanda bai taɓa shan kafso ba.” Baffa ya dube ni, na dubi ƙasa. Ni lissafin ledojin da na ƙulla nake yi, shi ban san me yake lissafawa ba.

An yanke masa yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Sati uku ina kwana a tabarma a barandar asibiti. 'Ya'yan Gwaggo sau ɗaya suka leƙo da ledar lemo. Amma da muka dawo gida, a gaban mata ta nuna ni ta ce, “Kai ɗan nan, bakinka na yak kama ƙanena.” Wai don na taɓa cewa wannan ciniki zai dawo mana gida. Ban tanka ba, Gwaggo ce. Yau dai na rubuta.

Malam Disfensa ya rasu tun kafin yarinyar ta yi famfara, an ma sare dogon yaron an yi shagon cajin waya a wurin. 'Yata kuwa har yau rijiya take zargi, ban taɓa iya gaya mata ba, kuma na san mijinta na karanta wannan duk mako. In Allah ya kai mu mako mai zuwa zan koma ranar da aka karɓe makullin, da abin da Inna ta aiko a gaya wa Baffa.