Hanyar Kitui lokacin kamfe

A watan Yulin 2022 ina Nairobi, babban birnin Kenya, saura 'yan makonni a yi zaɓen 9 ga Agusta, sai wani abokin aikina ɗan ƙabilar Kamba ya ce in raka shi gida Kitui. Muka hau matatu, wato bas ɗinsu ta haya, muka bi titin Mombasa har Kyumvi sannan muka karya kwana zuwa Machakos, tafiyar ba ta da nisa, kilomita 60 da 'yan kai. Tun a mota direba ya ƙure rediyon Musyi FM, ana ta musu da Kikamba, yaren Kamba, fasinjoji na kwasar dariya, ni kam ko kalma ɗaya ban ɗauka ba.

Daga Machakos muka canza mota, gari ya bushe ƙarau saboda fari, ko'ina fastar Wavinya Ndeti, mai neman gwamnan Machakos, da ta Kalonzo Musyoka, babban ɗan siyasar Kamba kuma jagoran jam'iyyar Wiper. A Wamunyu, garin masu sassaƙa, hanya ta toshe, 'yan acaɓa sun cika titi da oda, wani mai neman kujerar majalisar gunduma ne ke taro a bakin kasuwa. Direba ya kashe mota, kowa ya sauka.

Wallahi yadda mutumin nan ya buɗe magana sai ka rantse bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ya ce “mwi aseo” jama'a suka amsa gaba ɗaya, ya gaida dattijai, ya gaida iyaye mata, ya gaida limaman coci ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi ɗansu ne aike kawai yake roƙo su yi da shi, duk abokina na fassara min a kunne. Da ya zo kan ruwan sha da gyaran hanya sai ya koma Suwahili da Turanci, jama'a suka yi tsit, wasu ma suka juya suna cinikin tumatur.

Can sai ya dawo Kikamba, nan fa wuri ya ɗau zafi. Bai kama sunan abokin takararsa ba ko sau ɗaya, cewa yake akwai wani yaro da ya manta hanyar gidansu sai shekarar zaɓe, wanda an saye shi a Nairobi an turo shi ya raba kan Kamba, kuma yana faɗa yana tambayar jama'a ko ƙarya yake, su kuma su ne suke ihun sunan mutumin. Kun ga shi bakinsa a wanke, ko an kai ƙara hukumar da ke sa ido kan kalaman ƙiyayya babu abin kamawa. Ni a ganina wannan ya fi ashar ciwo, don a gaban surukanka da 'yan cocinku aka mayar da kai yaro.

Na tambayi abokina me ya sa duk bai taɓa Kalonzo ba, ya ce “Oga, a nan ba a yi.” 'Yan adawa na waje tun ƙuri'ar raba gardama ta 2010 suke kiransa kankana, wai kore a waje ja a ciki, wato mai fuska biyu, amma a gida ko wanda ba ɗan Wiper ba sai ya fara cewa yana girmama shi a matsayin babba kafin ya ɗan soke shi ta gefe, in ba haka ba taron zai iya watsewa a kansa.

Sai bayan la'asar hanya ta buɗe. Muka tsallaka kogin Athi muka hau tudun Yatta, wata tsohuwa a bayana tana ta maimaita maganar yaron nan tana dariya har Kwa Vonza. Mun shiga Kitui da magariba, mahaifiyar abokina ta ajiye mana muthokoi, surfaffiyar masara da wake, na ci kwano biyu.